Jinyar mahaifina da abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa bayan jijiyar jini ta toshe

Aikina awon jini ne a wani ɗakin gwaje-gwaje a Birnin Kebbi, kuma na daɗe ina karɓar kwalaben jinin masu shanyewar ɓarin jiki daga hannun 'yan uwansu, in ƙirga fararen ƙwayoyin jini, in rubuta sakamako, in miƙa musu ta taga. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a garin nan, sai ga shi kwalbar da ta zo hannuna ta mahaifina ce. Manomin shinkafa ne a fadamar Argungu, ya haura shekara sittin, kuma yana da hawan jini wanda yake shan maganinsa idan kansa ya yi ciwo, ya ajiye idan ya ji sauƙi. Yana cikin alwalar asuba buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace, maganarsa ta sarƙe. Kafin a yi shawara, a yi tofi, a kai shi wurin malamin asibiti na kusa, a nemo mota, har an kira azahar sannan aka iso da shi Birnin Kebbi.

Wannan jinkiri ya rufe mana ƙofa guda tun kafin mu shiga. Allurar da ke narkar da gudan jini, wadda ake kira alteplase, an amince da ita a Amurka tun 1996, amma amfaninta yana cikin sa'o'i huɗu da rabi na farko, kuma ba kasafai ake samun ta a asibitocinmu ba. Aikin zaro gudan jini ta cikin jijiya da siririyar roba, wanda gwaje-gwajen 2015 suka tabbatar da amfaninsa, ya fi wannan nisa da mu. Wani likitan Amurka ya yi lissafi a 2006 cewa idan babbar jijiyar jini ta toshe, ƙwaƙwalwa tana asarar ƙwayoyinta masu kai saƙo kimanin miliyan 1.9 a kowane minti, kuma wannan lissafi ne na riƙa yi a zuciyata ina kallon agogon bango, muna jiran hoton ƙwaƙwalwa.

Likita bai yarda a ba shi ko da asfirin, mai hana jini daskarewa, ba sai da hoton ya fito, kuma yana da hujja. Babban binciken SIREN, wanda aka gudanar a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, aka wallafa a 2018, ya nuna cewa kimanin kashi 68 cikin ɗari na masu wannan ciwo a yankinmu toshewar jijiya ce ta same su, kashi 32 kuma fashewarta, kuma hawan jini ne ya fi kowane dalili nauyi a dukkan ɓangarorin biyu. Ke nan kusan mutum ɗaya cikin uku jini ne yake zuba a ƙwaƙwalwarsa, wanda asfirin zai ƙara wa wahala. Hoton Baba bai nuna zubar jini ba, sai ɗan duhu-duhu a ɓangaren hagu, inda babbar jijiyar jini da ake kira jijiyar tsakiya take shayarwa, wurin da ke riƙe da magana da motsin hannun dama.

Daren farko a ɗakin maza, likitan ya ja ni gefe ya ce, "Malam, kai ma'aikaci ne, ba zan ɓoye maka ba. Ka faɗa wa mutanen gida kada su ruɗe idan suka ga jikin ya ƙara nauyi daga kwana na biyu zuwa na biyar." Na san abin da yake nufi a takarda, amma ban taɓa zama kusa da gado ina jiran faruwarsa ba. Ƙwaƙwalwa kashi 2 ce cikin ɗari na nauyin jiki, amma tana cinye kimanin kashi 20 na iskar oksijin, kuma ba ta da rumbun ajiya. Da jini ya yanke, makamashin ƙwayoyin yakan ƙare cikin mintuna, famfunan da ke fitar da sodiyam su tsaya, ruwa ya shiga ƙwayoyin, sinadarin gulutamet, wanda ƙwayoyin ke aika wa juna saƙo da shi, ya kwararo fiye da kima ya buɗe wa kalsiyam ƙofa, kalsiyam kuma ya tayar da sinadaran da ke narkar da ƙwayar daga ciki. Tsakiyar wurin takan mutu da wuri, ba a ceto ta. Amma akwai kewaye mai faɗi da yake samun ɗan jini daga jijiyoyin maƙwabta, ƙwayoyinsa sun daina aiki amma ba su mutu ba, kuma makomar wannan kewaye ita ce makomar majinyaci. Shi ya sa, duk da hawan jinin Baba ya kai 190 bisa 110, likita bai gaggauta saukar da shi ba, domin ƙarfin bugun ne yake tura ɗan jinin da ke raya kewayen. Ka'ida ita ce a ƙyale shi a kwanakin farko muddin bai wuce 220 bisa 120 ba, ga wanda ba a yi wa allurar narkar da gudan jini ba.

Abin da ke barazana ga kewayen nan bayan sa'o'in farko, garkuwar jikin majinyacin ce da kanta. Ƙwayoyin da suka fashe suna zubar da abubuwan da bai kamata a gan su a waje ba, kamar furotin HMGB1 da ke zaune a cibiyar ƙwaya, da ATP, wato makamashin ƙwaya, da gutsattsarin DNA, wato sinadarin gado. Masu gadin ƙwaƙwalwa, wato ƙwayoyin maikurogiliya, suna da makarɓa, wato furotin masu karɓar saƙo, a jikinsu irin su TLR2 da TLR4, waɗanda aikinsu na asali shi ne gane ƙwayoyin cuta, amma suna amsa wa waɗannan tarkace kamar yadda za su amsa wa cuta. Saƙon yana wucewa ciki zuwa wani furotin mai suna NF-kB, wanda ke kunna ƙwayoyin gado na kumburi, sannan wani gungun furotin mai suna NLRP3 ya haɗu ya tayar da wani furotin mai yanka, kasfes-1, shi kuma ya yanka sinadarin kumburi IL-1 ya sake shi a siffarsa mai aiki. IL-1 da wasu sinadaran kumburi irinsa, TNF da IL-6, su ne shelar da ke isa bangon jijiyoyin jini, bangon ya fito da furotin masu danƙo kamar ICAM-1, fararen ƙwayoyin jini da ke wucewa su maƙale, su kutsa cikin naman ƙwaƙwalwa. Duk wannan yana faruwa ba tare da ƙwayar cuta ko ɗaya ta shiga ba.

Washegari na ɗebi jininsa da hannuna, amma na ba abokin aikina ya auna, domin ba na son idona ya ga abin da zuciyata take so. A cikin fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake kira niyutirofil sun hau, waɗanda ake kira limfosait sun sauka, CRP kuma, furotin mai nuna kumburi wanda hanta ke fitarwa idan IL-6 ya umarce ta, ya ɗaga. Akwai wani abu da masu awon jini a yankinmu ya kamata su riƙa tunawa a nan: mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da wani furotin mai suna Duffy a jajayen ƙwayoyin jininsu, kuma masu wannan gado sukan kasance da ƙarancin niyutirofil a jini ko suna cikin ƙoshin lafiya. Saboda haka adadin da takardar sakamako za ta nuna a matsayin daidai, bisa ma'aunin da aka ɗauko daga Turawa, zai iya zama hauhawa ga mutumin Argungu. Ni dai rabon niyutirofil da limfosait na fi dubawa, domin bincike da yawa sun danganta hawansa da tsananin ciwon da kuma haɗarin kamuwa da ciwon huhu, kuma awo ne da kowane ƙaramin ɗakin gwaji zai iya yi ba tare da ƙarin kuɗi ba.

A kwana na uku Baba ya fara barci mai nauyi, sai an girgiza shi yake buɗe ido, kuma ƙafar da jiya yake ɗan ja ta daina motsi. Niyutirofil, waɗanda ke fara isowa cikin sa'o'i kuma su yi yawa a kwanakin farko, suna sakin sinadaran oksijin masu ƙuna da wani furotin mai suna MMP-9, wanda ke yanka ɗinkin da ya haɗa ƙwayoyin bangon jijiya. Wannan bango shi ne shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, kuma idan ya yage, ruwa da furotin na jini suna tsiyaya cikin nama, ƙwaƙwalwa ta kumbura a cikin ƙoƙon da ba ya buɗewa. Haka kuma niyutirofil suna toshe ƙananan jijiyoyi, har su fesa wata raga ta DNA da ke kama ƙwayoyin daskarar da jini, ta yadda ko babbar jijiya ta buɗe, jini ba ya komawa ko'ina. An ɗaga kan gadonsa, nas tana zuwa da tocila tana haska idanunsa ta ga ko baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, ana kuma shirin cewa idan abin ya wuce haka za a nemi masu aikin tiyatar ƙwaƙwalwa, domin a wasu lokuta cire wani sashe na ƙoƙon kai ne kawai ke ceton rai.

Baffana, ƙanin Baba, ya tsare ni a baranda ya ce, "Yaro, ka gaya mini gaskiya, mun kawo shi yana gane mu, yau ba ya gane mu. Ciwon ne ya sake buge shi, ko maganin ne bai karɓe shi ba?" Na ce, "Baffa, ba ko ɗaya. Ka san idan an gama yankan shinkafa aka sa wa ragowar kara wuta don a share wuri, dole ne a share kafin a sake shuka, amma idan iska ta taso sai wutar ta tsallaka gonar maƙwabci da ba a yanke ba. Jikinsa ne yake share wurin da ya mutu, aikinmu shi ne mu tsare gonar da ke kusa har wutar ta lafa." Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko babu allurar da ke kashe wutar. Wani ɗan uwanmu mai shagon magani ma ya riga ya kawo shawarar a yi masa allurar deksa, wato dexamethasone, tunda ita ce aka sani da sauke kumburi. An gwada irin waɗannan magunguna a kan masu toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa tun shekaru da dama, ba su rage mutuwa ko naƙasa ba, kuma suna tayar da sukari, suna raunana garkuwar jiki, abubuwa biyu da majinyacin nan ba ya buƙata.

Tambayar Baffa ce ta sa na kwana ina bin tarihin magungunan da aka auna a kan waɗannan sinadarai, kuma tarihi ne mai sanyaya jiki. Wani nazari da masana a Ostiraliya suka wallafa a 2006 ya ƙirga magunguna da dabaru 1,026 da aka gwada don kare ƙwaƙwalwa daga wannan ciwo, kuma kusan dukkan waɗanda suka yi kyau a jikin dabbobi ba su tsallake gwajin mutane ba. Enlimomab an ƙera shi ne don ya rufe ICAM-1, ya hana fararen ƙwayoyin jini maƙalewa, dabara mai ma'ana a takarda, amma a gwajin mutum 625 da aka wallafa a 2001, waɗanda aka ba shi sun fi mutuwa da zazzaɓi da kamuwa da cututtuka, kuma ana ganin ɗaya daga cikin dalilan shi ne daga ɓera aka samo furotin ɗin, jikin ɗan Adam ya tayar masa. Natalizumab, wanda ke hana limfosait shiga ƙwaƙwalwa kuma yake aiki a wata cutar ƙwaƙwalwa da laka daban, an gwada shi sau biyu, sakamakon ƙarshe a 2020 bai nuna amfani ba. Anakinra, mai toshe makarɓar IL-1, an gwada shi a wani ƙaramin gwaji a yankin Manchesta ta Ingila, aka wallafa a 2018: ya sauke IL-6 da CRP a jini, amma bai nuna cewa majinyata sun fi samun sauƙin jiki ba. Wannan sakamako ya taɓa ni a matsayina na mai awon jini, domin yana nuna cewa lambar da nake rubutawa a takarda za ta iya gyaruwa, hannun majinyaci yana nan a shanye. Akwai waɗanda har yanzu ake sa musu rai, kamar fingolimod da aka gwada a kan mutane kaɗan a Tianjin ta ƙasar Sin, da ApTOLL mai toshe TLR4, wanda gwajin farko da masana a Sifen suka wallafa a 2023 ya ba da alamar rage mutuwa idan an haɗa shi da zaro gudan jini, amma dukkansu suna jiran manyan gwaje-gwaje.

A ganina, dalilin wannan faɗuwa ba ya ɓoye. Ɓerayen da ake gwaji da su galibi matasa ne, maza, masu lafiya, waɗanda ake toshe musu jijiya a lokacin da aka sani, a ba su magani cikin ɗan lokaci, alhali wanda ke kwance a gadonmu dattijo ne mai hawan jini na shekaru, wanda ya iso bayan rabin yini. Sannan kumburin ba fuska ɗaya gare shi ba. Maikurogiliyar da ke fitar da IL-1 a kwanakin farko, ita ce daga baya take cinye matattun ƙwayoyi, ta fitar da IL-10 da TGF masu kwantar da kumburi, da sinadaran da ke tsirar da sababbin jijiyoyi, kuma MMP-9 da ke yaga shinge a makon farko yana taimaka wa gyaran nama a makonnin baya. Maganin da ya danne komai a kowane lokaci zai hana ɓarna, ya kuma hana gyara. Tambayar da ta rage wa masu bincike ita ce wane sinadari za a taɓa, a wace sa'a, a jikin wane irin majinyaci, kuma ban ga yadda za a amsa ta game da mutanenmu ba idan ba a auna jinin mutanenmu ba.

Rikicin da ya fi ba ni wahala a jinyar nan ba na sinadarai ba ne, na ruwan sha ne. Nas ta gwada haɗiyarsa da ƙaramin cokali, ya shaƙe, muryarsa ta zama kamar mai kurkure baki, sai aka hana ba shi komai ta baki, aka sa masa robar hanci. Gwaggo, yayar Baba, ta zo da rubutu a kwano da kunun gyaɗa a fulas, ta ce, "Ɗan nan, a wannan zafin za ka hana ubanka ruwa? Wane irin karatu ne wannan?" Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ba hana shi aka yi ba, hanyar ce ta canza. Abin da ya shiga ta baki yanzu huhu zai tafi." Muka daidaita a kan a shafa masa rubutun a fuska da hannu, kunun kuma a tace shi, nas ta ba shi ta roba da sirinji. Dalilin tsananin nan shi ne, yayin da garkuwar jiki ke ta'adi a cikin ƙwaƙwalwa, a sauran jiki rauni take yi. Ƙwaƙwalwar da ta ji rauni tana tayar da jijiyoyin firgita da sinadaran damuwa irin su kotisol, saifa ta tsuke, limfosait su ragu, kamar yadda na gani a takardarsa. Idan aka haɗa wannan da abinci mai zamewa cikin huhu, sai a samu ciwon huhu, wanda ke kama kimanin mutum ɗaya cikin goma na masu wannan ciwo, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke kashe su a makonnin farko.

Duk da wannan kiyayewa, zazzaɓi ya zo, ma'auni ya nuna 38.6. Na duba jininsa a madubin awo ban ga ƙwayar maleriya ba, likita ya saurari ƙirjinsa ya ji ƙara a ƙasan huhun dama, aka fara masa allurar kashe ƙwayoyin cuta. Ba a fara ta tun ranar farko ba, domin manyan gwaje-gwaje biyu da aka wallafa a 2015, ɗaya a Holan ɗaya a Birtaniya, sun nuna cewa ba da ita don rigakafi ba ya inganta makomar majinyaci. Zazzaɓi kansa abokin gaba ne, domin zafi yana ƙara wa ƙwayoyin kewayen nan buƙatar makamashin da ba su da shi, yana kuma hanzarta kumburi, haka ma hawan sukari. A nan ne na ga amfanin wani gwaji da aka yi a sassan jinya 19 na jihar New South Wales ta Ostiraliya, aka wallafa a 2011, wanda babu sabon magani a cikinsa ko ɗaya: ma'aikatan jinya ne kawai suka lizimci auna zafin jiki duk bayan sa'o'i huɗu da ba da farasitamol idan ya kai 37.5, da sauke sukari idan ya hau, da gwada haɗiya kafin a ba da abinci. Bayan kwana 90, waɗanda suka mutu ko suka dogara ga wani sun kasance kashi 42 cikin ɗari a sassan da suka bi wannan tsari, a waɗanda ba su bi ba kuma kashi 58. Babu maganin kumburi ko ɗaya da ya kai kusa da wannan. Muka sayi ma'aunin zafi da na sukari, muka buɗe littafi, ƙannena suna karɓa-karɓa, ana jiƙa tawul ana goga masa, ana yi masa fifita idan wuta ta ɗauke, ana juya shi duk bayan sa'o'i biyu don kada bayansa ya yi gyambo.

Zuwa ƙarshen makon farko barcin ya fara sakinsa, zazzaɓi ya sauka, limfosait suka fara dawowa a takarda. Mai gashi ya fara zuwa yana lanƙwasa masa gwiwa da kafaɗa, ya zaunar da shi a bakin gado, ya gargaɗe mu kada kowa ya ɗaga shi ta hannun da ya shanye, domin kafaɗar tana iya gocewa. A wannan lokaci ne ƙwaƙwalwa take fi karɓar horo, sassan da suka tsira suna ƙulla sababbin hanyoyi, kuma mafi yawan sauƙin da ake samu yana zuwa ne a watanni uku na farko. Kalmar da ta fara dawo masa a sarari ita ce sallama, ƙafar kuma ta riga hannun farfaɗowa, kamar yadda aka saba gani idan jijiyar tsakiya ce ta toshe.

Ranar da za a sallame mu na tambayi likita game da kolcisin, tsohon maganin ciwon gaɓɓai mai araha wanda ke rage aikin niyutirofil da NLRP3, tunda kumburin bangon jijiya yana da hannu a taruwar kitse da dawowar ciwon. Ya ce shi ma ya bi labarin, amma gwaje-gwaje biyu da aka wallafa a 2024, ɗaya a Turai da Kanada a kan mutum fiye da 3,000, ɗaya a ƙasar Sin a kan fiye da 8,000, ba su tabbatar da cewa yana hana dawowar ciwon ba, don haka ba zai rubuta shi ba. Ya rubuta asfirin, da maganin rage kitsen jini, da magungunan hawan jini guda biyu waɗanda za a sha kullum ko kai yana ciwo ko ba ya yi, ya ce a rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miya. Baba yana gidana a Birnin Kebbi domin ya yi kusa da ɗakin gashi, yana takawa da sanda daga ɗaki zuwa zaure, yatsun hannun dama kuwa har yanzu ba su buɗe ba, kuma likita zai sake ganinsa a wata mai zuwa da littafin awon hawan jininsa na safe da yamma.